Kanya Ce, Ba Ɗorawa Ba

Har na kai shekara biyar ba na yi wa kowa magana sai Inna, ita ma a kunne, in ba kowa kusa. A Dei-Dei muke zaune, a wani gidan haya bayan kasuwar katako inda Baba yake da rumfa. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, gini ake ta ko'ina a Abuja, manyan motoci suna fita da siminti da rodi tun asuba. Kowa a unguwar da ihu yake magana don a ji shi.

An sa ni a ajin ƙananan yara na wata makaranta kusa da mu, amma ko sunana aka kira ba na amsawa. Wata rana shugabar makarantar ta tsayar da Baba a bakin ƙofa, ina riƙe da hannunsa.

"Oga, wallahi mun yi ƙoƙari," in ji ta. "In bai buɗe baki ba kafin hutu, gara ku nema masa makarantar kurame."

Na ji komai. Na kuma ji Baba yana gaya wa Inna cewa makarantar ta kwana ce, kuma ba a garin take ba. Tun daga ranar Inna ta rage cin abinci.

A daminar wannan shekarar Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta zauna da mu. Bayan magariba, in Inna ta ɗora tuwo a murhu da guntayen katakon da Baba yake kawowa, sai Kaka ta ja tabarma kusa da wutar, yaran gidan duk su taru. Ni can ƙarshen tabarma nake zama. Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika.

"Wane irin miji ne wannan Allah ya ba ni? Ba cefane, ba hira. To, ga tatsuniya nan tafe, wa zai tare ta?"

Yara su ce, "Mu ne!"

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta bushiya. An yi fari a daji, ruwa ya ƙafe, bushiya kaɗai ta san inda wata rijiya take. Dabbobi suka kewaye ta, ita kuwa da ta ga taro sai ta dunƙule. Kura ta yi mata barazana, ta ƙara dunƙulewa. Giwa ta mirgina ta da hanci, ba ta ce uffan ba. Sai kunkuru ya zauna gefenta, ya juya mata baya, ya ce wa sauran, "Ku ƙyale ta, ai ni ma na sani. Rijiyar tana gindin tsamiya." Nan take bushiya ta leƙo da ɗan hancinta ta ce, "Ba tsamiya ba ce, kanya ce!" Haka dabbobi suka sha ruwa.

Na haddace ta kaf. Na san inda Kaka take tsayawa ta yi tari, da inda take kumbura kumatu in ta zo kan giwa.

Ana gab da yin hutu, wata yamma ta sake ɗauko ta. Ta zo daidai inda bushiya take leƙowa, sai ta ce, "Ba tsamiya ba ce, ɗorawa ce!" Ta ci gaba abinta. Yaran ba wanda ya lura, hankalinsu na kan masarar da ake gasawa. Ni kuwa sai na ji kamar an saka mini takalmi a juye. Na jira ta gyara, ba ta gyara ba. Ta ma sake cewa ɗorawa.

"Kanya ce."

Muryata ta fita da ƙarfi har ni kaina na tsorata. Muciya ta suɓuce daga hannun Inna. Inna ta buɗe baki za ta yi guɗa, Kaka ta harare ta, ta haɗiye.

"Ɗorawa ce, Maigida. Kai aka ba wa tatsuniyar ko ni?"

"Kanya ce. Jiya kanya kika ce. Shekaranjiya ma."

"Ji mini ƙarya! To wa ya mirgina ta, ba raƙumi ba?"

"Giwa ce! Da hanci!"

Haka ta yi ta musu da ni har na ƙarasa mata tatsuniyar a gaban kowa. Sai da na gama na ga Baba tsaye a bakin zaure, ya dawo daga masallaci. Ya zauna a kan turmi, ya sauke wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdulillahi." A daren Inna ta ci tuwo har da ƙari.

Ban zama mai surutu ba, har yau. Amma washegari Baba ya je makaranta ya roƙi a ƙara mini lokaci, kuma kafin hutu na fara amsa sunana. Ba a sake tayar da zancen makarantar kurame ba.

Yanzu ina kwalejin horar da malamai, ina karanta ilimin ƙananan yara. A darasinmu na farko malamar ta ce aikin mai koyar da ƙanana yana farawa da lura, tun kafin ya fara koyarwa, balle ya yanke wa yaro hukunci. Wata mai zuwa za a tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Utako, kuma na san ba zan rasa wani a ƙarshen benci da ya dunƙule ba. Da ina tsoron ranar, don ina ganin mai kunya irina ba zai iya da aji ba. Tsoron ya ragu.

Kafin Kaka ta rasu na taɓa tambayarta yadda ta san ina ji, alhali idonta ma ba ya gani sosai. Ta yi dariya har da tari.

"Su duk jira suke ka yi magana. Ni kuwa kullum in na zo kan kura, sai in ji ka matso ka kama bakin zanina. Kurma ya san inda kura take shigowa?"