Ludayin Kakata da Ɓerayen Jami'a

Warin ganyen sabara a tukunya ne ya tayar mini da wannan magana, kuma ina gaya maka tun yanzu, raina a ɓace yake. Ni da ka gani aji huɗu na tsaya a firamare, mahaifina ya ce shanun noma sun fi malam buƙatata. Amma ko da aji huɗun nan na san ba a neman shawarar ɓera kan lafiyar dattijo.

Jikata ce, mai karatun haɗa magunguna a jami'a. Kwanaki ta zo nan Batsari, inda muke zaune tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Runka, ta ɗebi ganyen da nake dafawa ina sha kowace safiya saboda ciwon ciki. Ita da malamanta suka shanya, suka daka, suka tace, wani inji ya lissafa musu abin da ke ciki, sannan suka ɗura wa fararen ɓeraye. Wai waɗanda aka ba kaɗan suna nan garau, waɗanda aka cika wa kuwa hantarsu ta taɓu. Shi ne ta dawo ta ƙwace mini kofina.

"Angona, ko ka rage, ko ka bar ni da takaba."

"Amarya," na ce, "kakata ta shayar da gari guda wannan ganye. Ɓera ne zai ƙaryata ta?"

Bari ka ji wace ce kakata, Allah ya jiƙanta. Da farkon damina, in sabara ta yi sabon toho, takan fita da hantsi bayan raɓa ta bushe. Ba ta tsinkar na bakin hanya. Tukunyarta ta ƙasa ce, baƙa wuluk, in ta tafasa ɗacin har maƙogwaro kake jin sa daga zaure. Tana da wata tsohuwar kaza wake-wake da ta daina ƙwai. Duk sabuwar dahuwa sai ta jiƙa dussa da ruwan ta ba kazar, ta ɗaure ta a gindin rumbu har la'asar, tana duba idonta da kashinta da tafiyarta. In kaza ta yi lis, tukunyar nan bayan gida za a tuntsurar da ita.

Wata rana wani dattijo ya zo daga ruga riƙe da ciki, aka ce ya jira kaza. Ya fusata ya ce, "Iya, ni za a jera bayan kaza?"

Ta ce, "Bayanta kake, malam. Zauna."

Mun yi ta dariya har muna birgima a ƙasa. Da la'asar ta auna masa da ƙaramin ludayinta mai cinyayyen baki. Ludayi ɗaya ga babba, rabi ga yaro, mai ciki kuwa ko kusa da tukunyar ba ta zuwa.

Wannan labari na zazzage wa jikata don in rufe mata baki. Sai ta ce, "To ina ludayin?"

Yana rataye a ɗakin da muka bari ranar gudu. Ban sake ganinsa ba.

"Kamar yaya girmansa?"

Na dunƙule tafin hannuna na nuna mata. Ta zuba mini ruwa a ciki, ta juye a kofin robar da nake shanyewa kullum. Ta sake. Sau huɗu, kofin bai cika ba. 'Yar nema ta tsaya tana kallona kamar yadda kakata take kallon kaza.

To na rage. Ta sayo mini ludayi ranar kasuwa, da shi nake sha, kuma kada ka ce ɓera na bi, kakata na bi.

Abin da ya hana fushina sauka shi ne takardar binciken da ta rubuta. Na sa ta karanta mini. Akwai nauyin kowane ɓera, akwai sunayen malamanta, har da sunan injin. Babu kakata, babu kazar. Na ce ta saka su, ta ce ai ba wurin da ake rubuta irin wannan. An samu wurin ɓera, an rasa na tsohuwar da ta riga su!

Shi ya sa na ari biro na rubuta labarinsu da kaina, da aji huɗuna.