Ihun Juma'a a Gidan Doreen

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Doreen Ackroyd a layinmu na Halifax, katangar ma irin wadda in ta yi atishawa sai in ce mata sannu. Shekarunta saba'in da tara. Talatin daga ciki a masaƙa ta cinye su, inda ƙarar injuna ta tafi da rabin jinta, ta bar mata iya karanta leɓe. Matan masaƙa duk haka suke, daga nesa suke gulmarsu ba murya. Shi ya sa a layinmu duk wanda zai yi da Doreen sai ya fara juya mata baya.

Tun rasuwar mijinta Stanley ita kaɗai ce a gidan. Ba ta fita sai ranar Juma'a, ta je wasan bingo a zauren coci, kuma ban taɓa ganin silin gashi ɗaya ya kauce daga inda ta ajiye shi ba, ko da iska na ɗaukar kwandunan shara.

Ɗanta Graham a Leeds yake zaune. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ke sa wa mutum hawan jini. A farkon kaka ya zo da tsani da sabuwar ƙararrawar hayaƙi, ya manna ta a rufin ɗan zauren da ke bakin ƙofa. Har da wayarsa ya haɗa ta, da ta yi kuka a Halifax sai aljihunsa ya amsa a Leeds.

Juma'ar farko, wajen ɗaya da rabi na rana, abar ta tsala ihu. Na fita a guje da takalmi ƙafa ɗaya, na tarar da Doreen tana zungurar rufi da sandar goge ƙasa. Babu wuta, babu hayaƙi, murhun gas ɗin ma sanyi ƙalau. Ba a jima ba wayar gidan ta ɗauki ƙara, Graham ne.

"Mama, me kika bari a wuta?"

"Ban ɗora komai ba."

"Ko burodi kika gasa kika manta?"

"Ranar da na haife ka ma ban manta ba, sai burodi? Kai dai ka sayo abin banza."

Juma'a ta biyu haka, ta uku ma haka. A ta ukun Graham ya zo da matarsa Lorraine, suka shinshina kowane lungu, suka gwada na'urar suka ga lafiyarta lau. Da za su tafi sai suka zauna a mota, gilashi a rufe, suna magana. Sun manta wa suka bari a bayan labule.

Doreen ta saki labulen ta zauna.

"Zulai, kin san me ya ce? Wai in ƙararrawar ta sake yi sau ɗaya, shi ke nan, kaina ya fara taɓuwa. Ita kuma ta ce akwai ɗaki a gidan tsofaffi, har da lambu." Ta kalli ƙofa. "Ta nan aka fitar da Stanley. Ni ma ta nan nake son a fitar da ni, ba da akwati a hannu ba."

Daga ranar ta daina kunna murhu. Burodi da cuku mai sanyi, biskit, sai shayin da nake kai mata a filas. Cire batirin ƙararrawar ma bai yiwuwa, don shi ma sai wayar Graham ta kai rahoto. Cikin kwana shida ta zabge. Ranar Laraba ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya. Zai yiwu ina kunna wuta in kashe, ban sani ba?" Na ce mata haba, amma ni ma na fara tambayar kaina.

Juma'a ta huɗu na ajiye duk wani aikina. Tun safe na kafa kujera a falonta, idona a kanta, ko banɗaki ta tashi sai na bi ta da kallo. Ba ta ko leƙa kicin ba. Da ɗaya ta wuce ta sa rigar sanyinta, ta tsaya gaban madubin da ke ɗan zauren, ta zaro gwangwanin feshin gashi daga jaka. Ta rufe ido ta yi ta fesawa, dama da hagu, gaba da baya, kamar mai kashe sauro. Na bi ƙurar feshin da ido har ta kai rufi, daidai inda Graham ya manna abarsa. Ihu ya tashi.

Doreen ta buɗe ido, ta fashe da kuka. Ni kuwa dariya ta kusa kayar da ni. Da wayar ta yi ƙara na riga ta ɗauka.

"Graham, kada ka ce komai. Shiga mota ka zo, kuma ka taho da tsaninka."

Cikin awa guda ya iso, fuska a murtuke. Na miƙa masa gwangwanin na ce ya tsaya gaban madubi ya fesa. Ya fesa, ƙararrawar ta yi ihu. Kunnuwansa suka yi ja. Shekara hamsin uwarsa na gyara gashi a wannan wurin, shi kuma ya rasa inda zai rataya na'urarsa sai saman kanta. Ya hau tsani ya mayar da ita can saman bene, ya sauko yana sosa ƙeya.

"Mama, ki yafe ni."

"Na yafe. Ka ce wa Lorraine ta je ta zauna a lambun da kanta, ta fi ni buƙatar iska."

Ya tsaya baki buɗe, sannan ya tuna ko ɗan wace ce shi. Ya sumbace ta a goshi ya tafi.

Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Doreen ta cire rigar sanyi ta ce bingon yau ya wuce, amma shayi da hannunta za ta dafa mini. Na bi ta kicin ina tsokanarta. Ta cika farar butar nan ta roba, mai aiki da lantarki, wadda ta yi shekara goma tana jonawa a bango. Sai ta ɗora ta a kan murhun gas, ta murɗa, ta kunna wuta.

Na fizge butar, na kashe murhun. Gindinta ya riga ya fara narkewa, warin roba ya cika mana hanci. Ƙararrawar da ke saman bene ba ta ce uffan ba.

Doreen ta daɗe tana kallon butar. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta motsa leɓe ba murya, irin na matan masaƙa. Ban taɓa koyon karanta leɓe ba, amma na gane sarai: kada ki gaya masa.

Yau kwana tara ke nan, ban gaya masa ba. Jiya ma ya turo mini saƙon godiya, wai na cire masa damuwa. Tsoro nake ji, kuma ban san wanne ne cin amanar ba, faɗa ko yin shiru. Da lokacin shayinta ya yi nakan kashe rediyo, in jawo kujera jikin katangar, in zauna ina shinshina iska.