Matan Da Suka Raka Ni Kai Takarda

Na halarci tarukan ilimi a Alƙahira da Dakar da Landan, yawancinsu sun shige mini duhu. Amma wani da aka yi a Samaru ta Zariya, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, yana nan daram a raina har in koma ga Allah.

Lokacin ina ƙaramar malama, kuma karo na farko ke nan da zan gabatar da takarda. Ƙa'idar taron ita ce, sai shugaban zama ya sa hannu a takardar mutum kafin a buga ta a raba. Shugaban zamanmu wani babban farfesa ne da ya zo daga nesa, aka sauke shi a otal a Sabon Gari. Da na miƙa masa takardata sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Kawo mini ɗakina da la'asar, mu duba a natse," in ji shi. "In ba haka ba, ban ga gurbinki a jadawali ba."

Shekara biyu na yi ina wannan bincike. In na ƙi zuwa, aikina ya tashi a banza. In na je, Allah kaɗai ya san abin da zai faru, kuma ni za a zarga.

Na shiga ofishin masu buga takardu ido jawur. Shugabarsu wata dattijuwa ce Bayarabiya, haifaffiyar unguwar Muciya, kowa Mama yake ce mata. Ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata.

"Takarda yake son gani?" Ta rufe tafiretarta. "To, mu kai masa. A garin nan ba a tura 'ya mace wurin baƙo ba rakiya."

Ta kira abokan aikinta biyu, muka hau motar haya. Da ya buɗe ƙofa ya ga mata huɗu, murmushinsa ya ɗauke. Mama ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja kujera ta zauna ta ɓare goro.

"Duba a natse, ranka ya daɗe. Ba ma sauri."

Ko shafin farko bai gama ba ya sa hannu.

Ni a nan na so maganar ta mutu, don kunya nake ji kamar ni na yi laifi. Mama ta ce, "'Yata, baɗi wata za ta zo, ni kuwa ƙila ina hutu." Sai da na amince, sannan ta kai ni wurin shugaban masu shirya taron. Ya saurare ni har ƙarshe, bai tambaye ni irin kayan da na saka ba. Washegari aka canza shugaban zamanmu, aka kuma sanar cewa daga yau a ofis ake sa hannu, ƙofa a buɗe. Na gabatar da takardata, Mama na tsaye a bakin taga.

Daga baya na karanta dokokin hana cin zarafi da Turanci da Faransanci da Larabci, kuma suna da amfani. Amma a Zariya na koyi cewa doka ba ta aiki sai an sami wanda zai ajiye aikinsa ya tashi ya raka ki. Shi ya sa duk taron da na je, nakan duba yarinyar da ta yi shiru a gefe, in ja kujera kusa da ita. Allah ya saka wa Mama da alheri.