Babban Yatsan Ari

Ari masunci ne ɗan masunci. Kakansa daga bakin Tafkin Chadi ya taso ya yada zango a fadamar Haɗeja. Shekara arba'in Ari yana jan koma, yana saran ciyawar kacala don buɗe wa jirginsa hanya, har zanen yatsunsa ya goge sumul kamar bayan ƙwarya. Wannan bai taɓa hana shi cin tuwo ba, sai ranar wani zaɓe da na'urar tantancewa ta ƙi yatsansa sau bakwai a bainar jama'a.

Tasi'u mai gyaran injin ban-ruwa ya ɗaga murya daga bayan layi: "Malam Ari, na'ura ta ce ba ta tantance tarwaɗa!"

Shekara huɗu sunan Tarwaɗa na bin sa har ƙofar masallaci.

Saura wata uku a sake zaɓe, gogan naka ya rataye koma. Wai zai yi kiwon yatsa! Safe da yamma man kaɗanya, a naɗe da tsumma, a ɗora kan cinya kamar jaririn da ba a yi wa suna ba. Ruwa na janyewa, kowa na kwasar karfasa, shi yana gindin mangwaro yana leƙen ko zane ya tsiro.

Matarsa 'Yar'azumi ta ce, "Malam, yatsan za mu jefa a miya?"

"Ke dai bari. Sai na'urar nan ta gaishe ni a gaban Tasi'u."

Ranar zaɓe ya warware tsumma a hankali, ya miƙa yatsa yana sheƙi. Ma'aikaciyar zaɓe ko kallon yatsan ba ta yi ba. Ashe an canja na'ura. Ta saita ta a fuskarsa, ƙit.

"Shi ke nan Baba, ta gane ka."

"Yatsan fa, 'yata?"

"Ba sai da shi ba."

"Don Allah gwada shi, mutane su gani."

"Ta riga ta wuce ka, Baba. Na gaba!"

Tasi'u ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Washegari Ari ya sauko da koma ya nufi kogi, bayan an gama kwashe na kwashewa. Igiyar farko da ya ja ta tsaga lallausan yatsan nan har jini. 'Yar'azumi ce ta hau ɗaure masa shi, ta kuwa ɗaure da ƙarfi.