Mai Guga da 'Yan Tsakinsa

Babana ya tsufa yana wanki da guga a wani ɗan shago mai ɗaki a baya, daura da famfon unguwa. Duk layin ba mai kiran sunansa, kowa Mai Guga. Mutum ne da ko rigar wani ya gani a rataye a karkace sai ya tashi ya gyara ta. A ɗakin bayan nan muka girma ni da Yaya, a nan Mama ta rasu, a nan kuma ya ci gaba da kwana shi kaɗai.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Shi kuwa ya ce gugar zaune ba guga ba ce, ɓata kayan mutane ne. Masu kawo wanki suka riƙa zamewa zuwa wurin masu inji. Yaya ya ce ya tattara ya koma gidansa, a mayar wa mai shago makullinsa. Baba ya ce ko a mafarki. Suka yi ta ja, ni ina tsakiya ina shan faɗan kowa, har aka tsaya kan magana ɗaya: in ya sami sana'ar zaune da za ta riƙe shagon, ya zauna abinsa, in bai samu ba ya bi Yaya. Ni na kawo shawarar kiwon kaji, don na ga wata abokiyar aikina tana yi. Ni ma ban taɓa riƙe ɗan tsako ba.

Ranar da aka kawo kwalin 'yan tsakin, mai abincin kaji ya haɗo mana da buhun garin katako, ya ce a baza musu a ƙasa. Baba ya ɗebo, ya shinshina, ya yatsine fuska.

"Wannan ai shara ce, Uwata. Abin da kafinta ya share ya zubar shi zan baza a ɗakina?"

"Baba, haka ake yi fa."

"Haka ƙazamai ke yi."

Ya ɗauko ledar nan mai sheƙi da yake naɗe manyan riguna in ya gama guga, ya shimfiɗa a ƙasa, ya ja ta ta miƙe ba tattara ko ɗaya. Ya kewaye da kwali, ya zuba garwashi a tsohon dutsen guga ya ɗora kan bulo a tsakiya don ɗumi. Na taso daga makarantar da nake koyarwa ne, kaina na sarawa, sai na ƙyale shi. Garin katakon kuwa ya ba mai shayi ya hura wuta.

Ɗan tsako ba shi da aiki sai ci da kashi da kuka. Baba kuma ba ya iya ganin ɗigo a kan leda ya kau da kai. Duk yammar da na zo sai in tarar da shi yana jan gindi a ƙasa, tsumma da ruwan sabulu a hannu, yana bin su yana gogewa yana yi musu faɗa.

"Kai, yanzun nan fa na goge nan! Ba ku da tarbiyya ne?"

Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ni ma na gaji da sauya mota, da ɗaukar buhu, da wayar Yaya mai tambaya ɗaya kullum, wai yaya manyan manoma.

Sai ƙafafun 'yan tsakin suka fara talewa, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna jan ƙirji a ƙasa. Baba ya ce sanyi ne, ya ƙara garwashi. Na ce rashin ƙarfi ne, na sayo maganin da ake ɗiga musu a ruwa. Wanda ya tale ba ya kaiwa ga abin ruwa, 'yan'uwansa su bi ta kansa su tattake. Kowace safiya Baba na kwashe matattu, ya naɗe su a takarda da kyau kafin ya zubar.

Da abin ya ƙi ci na kira mai abincin kajin. Ya tsuguna, ya shafa ledar da tafin hannu.

"Baba, santsi ne. Ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba, ba ta kuma sami abin kamawa ba. Da a farko ne, da sai a ɗaure ƙafafun da ɗan ƙyalle su daidaita. Yanzu kam sai dai a gwada."

Da mutumin ya fita, Baba ya yayyage wata riga da mai ita bai taɓa zuwa karɓa ba, ya zauna yana ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Da bakinsa ya aike ni wurin kafinta in karɓo garin katako. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Ƙyallen bai ceci da yawa ba. Waɗanda suka rage ba su cika bahon wanki ba, rabinsu ma guragu. Wata Asabar na same shi zaune bakin gado, ya ninke kayansa cikin jaka.

"Ki ce wa yayanki ya zo da mota gobe," ya ce. Ya daɗe yana kallon bahon. "A gidan nasa akwai inda zan ajiye waɗannan? Ba wanda zai saye su a haka."

Gidan Yaya a saman bene yake, ko igiyar shanya a taga suke ɗaurawa. Na ce masa akwai, na sunkuya na ɗauki jakar.