Wutar da Isufu Bai Bari Ta Mutu Ba

Shekarar da kakarmu Hajiya Baraka ta zo Lyon daga Damagaram don a yi mata aikin ido, ɗakinmu na unguwar Guillotière ya koma dandali. Babu murhu, sai ta shimfiɗa tabarma jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, mu kewaye ta kafin Baba ya taso daga masana'anta a Saint-Fons. Ƙannena tatsuniya suke so. Ni kuwa labarin wanta Isufu nake roƙo.

Fatauci ya kai Isufu Ikko, ya ƙare a jirgin ruwan Turawa yana zuba kwal a wutar inji. Yaƙin duniya ya ja su har tekun gabas, ɗauke da abincin soja. A can matuƙan Japan ke ƙunar baƙin wake: mutum ya ɗauko bam a jirgin sama, ya faɗo kan jirgin ruwa, har da ransa.

"Waɗanda ke saman jirgin suna ganin abin da ke tafe," in ji Kaka. "Shi yana can ƙasa, sai dai kunne. In bindigogi suka ruɗe, ya san an taso musu."

Ran da ɗaya daga matuƙan ya faɗo musu, fitilu suka mutu, hayaƙi ya biyo matakala. Abokin aikinsa, wani ɗan Saliyo, ya yar da shebur zai hau. Isufu ya riƙo shi, ya ce jirgin da ya tsaya, shi matuƙi na biyu zai nufa. Suka yi ta zuba kwal cikin duhu, tafin hannu na saluɓewa, har jirgin ya fice. Da suka hau, kukunsu na cikin gawawwakin da aka lulluɓe.

"Kaka, bai ji tsoro ba?"

"Ya ji mana, ɗiyata. Har ya rasu, in jirgin sama ya gifta sai ya tsame hannu daga tuwo. Amma ran nan bai tsaya ba."

Amsar nan ta ba ni haushi a lokacin. Jarumi nake so, marar tsoro.

Sai da annobar korona ta same ni ina aikin jinya a Paris na fahimce ta. Wata safiya jirgin ƙasa na metro ya tsaya a tashar asibitinmu, ƙafata ta ƙi tashi. Wata abokiyar aikina na kwance a sashenmu, inji ke yi mata numfashi. Ƙofar jirgin ta rufe, muka wuce. Na tuna ashe Isufu ma tsoro yake ji, kuma ba sai da tsoron ya wuce ya ci gaba da zuba kwal ba.

Na sauka a tasha ta gaba, na tako da ƙafa, na sa rigar aiki.