Tafin Hannun Baban Tiyata

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ruwa ake tsugawa kamar na yau, Baban Tiyata ya riga kowa shiga ɗakin tiyata. Nas ne mai taya likitoci sa marar lafiya barci kafin a yi masa aiki. Shekara talatin da ɗaya yana yi, yau yake ajiyewa.

Yana da wata ɗabi'a. Da an zura wa mutum bututun numfashi, sai ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa. Wani sabon likita da ya zo koyon aikin ya mai da abin na dariya.

"Baba, ga na'ura tana nuna komai, kai kana ta lallashi kamar mai raino."

Aka yi dariya. Baba ya ce, "Hannu ne ya saba, likita."

Wata Talata aka kawo wata mata. Likitan ya zura bututu, ya juya yana rubutu. Baba ya ɗora hannu, ya matso kusa da kunnensa.

"Likita, cikinta ke tashi, ƙirjin bai motsa ba."

Ashe bututun ya bi hanyar abinci. Leɓenta ya fara duhu. Baba bai ƙwace aikin ba. Ya gyara mata wuya, ya ce, "Sake, ɗana. Ka iya." Ya sake, ƙirji ya ɗaga.

Mu masu tura gado muka fito da ita, dangi suna ta sa wa likitoci albarka. Baba yana ciki yana wanke kaya.

Likitan ya so ya ba shi haƙuri. Kunya ta ce gobe, goben ta kai shekara uku.

Baba, kai ne mai gadin numfashin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba. Kai ka rufa wa yaro asiri har ya zama ƙwararren likita. Mu ma da muka gani ba mu ce komai ba. Mun gode, ko da mun makara. Masu tasowa, ku koyi gyara mutum ba tare da kun tozarta shi ba.

Ɗazu likitan ya sa safar hannu zai yi wa wani allurar baya, yana ta jera maganar ban haƙurin a ransa, sai igiyar takunkumin fuskarsa ta kwance. Baba ya zo ta baya ya ɗaure masa. Kafin likitan ya zare allurar ya waiwaya, Baba ya ɗauki jakarsa ya fita.